Faifai Uku na Darar Malama Rahila

Tun da aka kafa ƙarfen sabis a bayan shagona, bencina ya zama majalisar samari da 'yan mata masu kwamfutar cinya. Ba gyara suke kawowa ba, inuwa suke sha. Makon jiya sun kwashe yini guda suna gardama a kan abu ɗaya: wai mutumin da ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa ya ƙera ɗan wasan kwamfuta a kan babbar manhajar nan ta kyauta, dole ne ya buɗe wa jama'a cikinsa, ko yana da ikon kulle abinsa ya sayar? Har wata ta kira wani jahili da Turanci, shi kuma ya gode mata. Da na yi gyaran murya na ce mu mun yi wannan gardamar a nan Kafanchan tun kafin iyayensu su san juna, sai suka yi mini irin kallon da ake yi wa tsohon firji idan ya tashi da kansa. To, ga shi na rubuta. Aji huɗu na firamare na tsaya, saboda haka a karanta a hankali, ni ma a hankali na rubuta.

Sunana Sule, amma garin nan Injiniya yake ce mini, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa a kan haka ba. Asalina mai gyaran rediyo ne. Shekara bakwai na yi ina koyo a wurin Oga Danladi, kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekara biyun farko aikina hura gawayi, domin ƙarfen da muke narka dalma da shi a wuta ake gasa shi, ba irin naku ba da ake soka wa a bango. Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: ƙarfen dalma, mita mai allura, sukudireba uku, filaya, da tsohon buroshin haƙori. Sauran duk a kai yake, kuma Oga ba ya ba da aron kansa. Idan aka kawo rediyo ya buɗe, zan tsaya ina kallo har ya zo daidai inda ciwon yake, sai ya aike ni sayen ƙosai. In na dawo rediyo na magana. Na ci ƙosai a shekarun nan fiye da yadda na ga gyara.

Takardun zanen cikin rediyo kuwa, waɗanda ya samo daga hannun wani ma'aikacin jirgi, a cikin akwatin lasifika yake ɓoye su. Ba shi kaɗai ba, duk mai gyaran rediyo a garin nan haka yake yi. Ɓarawo yana sungumar rediyo, amma ba ya ɗaukar akwatin katako mai girman ɗan maraƙi, kuma ba shi da haƙurin kwance sukurori takwas. Ranar da aka yaye ni, bayan an raba goro da lemo, fasto ya yi addu'a liman ya yi, Oga ya ja ni gefe ya ce, "Sule, abin da ka sani wanda maƙwabcinka bai sani ba, shi ne tuwonka. Ranar da ya sani, ka koma gona." Da wannan karatun na buɗe shago.

Kwamfutar farko da na taɓa, a shekarar tamanin da bakwai aka kawo ta. Shekarar ce gari ya ɗauki zafi, amma ba wannan labarin na zauna bayarwa ba. Wani Fada ne daga wata makarantar mishan ya kawo ta a bayan a-kori-kura, an lulluɓe ta da bargo kamar mai zazzaɓi. Ya ce ta daina tashi, kuma kafin a kai ta Jos a dawo jarrabawa ta wuce. Na ce ya bar ta. Na rufe ƙofa na kwance ta ina bismilla, domin ban san ta inda take cizo ba. A cikin akwatin wutarta na tarar da tsaka ta miƙe a kan waya biyu, ta bushe ƙayau. Na cire tsakar, na goge wurin da buroshi, na sauya fis. Aikin minti goma. Na riƙe ta kwana uku don kada sana'a ta yi arha. Da Fada ya tambayi abin da ya same ta, na ce matsala ce ta cikin gida. Tun daga ranar na zama injiniyan kwamfuta na Kafanchan da kewaye, ba don na iya ba, don babu wani.

Bayan haka aka shigo da wasan talabijin mai kaset ɗin roba da ake sokawa a sama. Wani direban tanka ya kawo nasa ya ce hoto ya zama kamar zanen atamfa. Na juya masa baya, na hura bakin kaset ɗin sau biyu, na shafa sifirit, na mayar. Ya tashi. Shekara uku ina juya wa mutane baya ina hurawa kafin asirin ya fasu, kuma har yau ina zargin matar direban. Ku da kuke latsa waya wasa ya sauko muku daga sama, ba ku san akwai lokacin da wasa yake buƙatar huhu ba.

Can wajen ƙarshen shekarun casa'in na mallaki kwamfuta biyu 'yan gwanjo. Da su muke buga katin aure, da tsarin sujada na coci-coci, da wasiƙun 'yan fansho. A nan Malama Rahila ta shigo labarin. Malamar lissafi ce a wata sakandare, 'yar Madakiya, ba ta da tsawo kuma ba ta da wasa. Takan zo buga tambayoyin jarrabawa bayan an tashi makaranta. Wata rana ta zo da faifan sidi da wata ƙawarta ta aiko mata daga jami'a, ta ce a cikinsa akwai babbar manhaja, wato wadda take tuƙa kwamfutar gaba ɗaya, sunanta Linuks, kuma kyauta ce.

Na ce, "Kyauta kamar yaya? Sata dai."

Ta ce, "Oga Sule, wanda kake amfani da shi yanzu ne na sata. Wannan masu shi ne suka ce a ɗauka."

Na ba ta injin da ya fi tsufa, don in ya mutu kada in yi kuka sosai. Yamma huɗu tana fama. Da ta gama, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ɗan farin rubutu yana ƙyafta ido a kusurwa. Na ce ta kashe mini inji. Ta ce 'yanta shi ta yi. Na ce da yana bawa ya fi kyan gani.

A gaban shagona akwai bishiyar mangwaro, a gindinta dattawa suke dara tun ban zo unguwar ba. Ga waɗanda waya ta hana su sani: gurabe talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wani tsinke wani dutse, in ka jera uku ka cire ɗan abokin wasanka ɗaya. Sarkin wurin shi ne Baba Istifanus, tsohon akawun jirgin ƙasa, wanda kowa ke kira Akawu. Ba a cinye shi, kuma in ya cinye ka sai ya tambayi lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya. Malama takan tsaya a ƙofa tana kallonsu. Ran nan ta ce za ta koya wa injin dara. Akawu ya ce ta fara koya masa gaisuwa.

A nan sai na yi muku bayanin abu ɗaya, ko da yake kun ce kun sani. Wasan kwamfuta kashi biyu ne. Akwai wanda ake bugawa, wanda mutum ba ya iya karanta cikinsa. Akwai kuma rubutun da aka haife shi daga ciki, layi bayan layi, wanda in kana da shi za ka iya gyarawa ka sauya ka sake haifar wani. Ni uwa nake kiran wannan rubutun. A cikin sidin nan Malama ta samu uwar wani ɗan wasan allo da wani mutumin ƙasar sanyi ya rubuta shi kaɗai. Ta ɗauki ɓangaren da yake zana allo da ɓangaren da yake sa inji tunani, ta zauna tana ɗora dara a kai. Ba ta da kwamfuta a gida. Duk a shagona ta yi, daga ƙarfe uku zuwa la'asar sakaliya, ranar da akwai wuta. Shekara guda cur.

Karon farko Akawu ya cinye injin sau goma sha ɗaya a jere, ya tambayi lafiyar iyalinsa. Amma Akawu yana da ciwon da Oga Danladi ba shi da shi: ba ya iya cin mutum bai gaya masa inda ya yi wauta ba. Malama tana gefe da biro. Duk abin da ya faɗa, bayan kwana biyu ya shiga cikin inji. Wata Asabar da hantsi injin ya cinye shi. Akawu ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar, ya ce a sake. Ya sake cinye shi. Kafin wata ya ƙare mutane suna zuwa daga Kagoro da Madakiya don su ga akwatin da ya kayar da Akawu, kuma wanda ya zo kallo yakan tuna yana da rediyon da ba ya magana. Shagona bai taɓa cika irin haka ba. Duk ƙasar nan ba inda ake dara da inji sai wurin Sule.

Sai ga Ayuba. Mutumin Zonkwa ne, yana da shagon hoto da fotokwafi da kwamfuta ɗaya. Ya zo a kan babur ya yi wasa biyu, ya sha kashi, sannan ya ciro faifan fulofi daga aljihu, wato ɗan faifan nan mai murabba'i da muke ajiye aiki a ciki, ya ce, "Baba, a sa mini wannan dara. Da uwan duka."

Na ce, "Da uwar? Ba ka so in haɗa maka da makullin shagon?"

Malama ta ce, "Kawo, zan sa maka."

Na ce ba a shagona ba. Ta ce ba zaɓinta ba ne, lasisi ne. Mutumin ƙasar sanyi ya rubuta sharaɗi a saman uwar: kowa ya ɗauka, ya sauya, ya sayar ma in ya so, amma duk wanda ka ba wasan ka ba shi uwar, kuma kada ka ɗaure masa hannu fiye da yadda aka ɗaure maka. Na ce ban yarda ba sai an karanta. Aka buga takardar, Akawu ya sa tabarau ya tsaya a gindin mangwaro yana karantawa yana fassarawa kamar mai sanar da lokacin jirgi. Aka bar dara aka kewaye shi.

Na kawo hujjojina, kuma har yau ina ganin ba su da laifi. Na ce injina ne, wutata ce, kujerata ce ta sha zama shekara guda. Na ce dabarun da suke ciki na Akawu ne, ba na mutumin ƙasar sanyi ba, wanda ko gurbin dara bai taɓa gani ba. Na ce ni shekara bakwai na yi kafin a nuna mini cikin rediyo, wannan ya zo da babur yana so a ba shi cikin kwamfuta kafin injinsa ya huce. Wani mai goro ya goyi bayana, ya ce ko mai kilishi ba ya faɗin yajinsa. Wani tela ya ce ai ba a hana sayarwa ba, ɓoyewa aka hana. Mai goro ya ce to me za a sayar in ba a ɓoye ba? Aka yi ta yi. A ƙarshe na fito da babbar hujjata, na ce, "Shi wannan Bature, yaushe zai zo Kafanchan ya duba?"

Malama ta ce, "Shi ba zai zo ba. Amma Ubangiji yana Kafanchan."

Na juya wurin limamin unguwarmu, wanda ya zo karɓar rediyonsa, ina neman agaji. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma wanda ya karɓi abu da sharaɗi ya cika sharaɗin. Ya ɗauki rediyonsa ya tafi. Coci da masallaci suka haɗu a kaina rana ɗaya, abin da ba kullum ake samu ba.

Ta sa wa Ayuba a gabana. Da zai tafi na raka shi har bakin babur na gaya masa maganganu. Na ce mutanen Zonkwa ba su iya komai ba sai kwafi, shi ya sa ma ya buɗe shagon fotokwafi. Na ce kada ya sake taka mini shago. Ya ce, "Na gode, Baba," ya tayar da babur.

Daga ranar na ɗauki mataki. Malama ta ci gaba da ƙara wa wasan ƙarfi har wata huɗu, ni kuma na ce mata tun da ba ta da inji a gida, ta bar ajiya a hannuna. Na ce, "Malama, abin da aka ba ni ajiya ko gobara ba ta ganinsa." Ta yarda, da sharaɗin duk wanda ya nema in ba shi. Na ce to. Duk wanda ya nema kuwa sai in ce Malama ba ta nan, ko da tana zaune a ciki. Kuma kada ku ɗauka ni sakarai ne. Na san faifai yana lalacewa, don haka kwafi uku na yi. Duk ƙarshen wata in sabunta su, in naɗe a leda, in kwance sukurori takwas na babbar lasifikar da Oga Danladi ya bar mini, in ajiye su can ciki, a jikin ƙarfen baya inda ba sa motsi.

Sai muguwar shekara ta zo. Jirgi ya rage zuwa, ma'aikatansa suka daina gyara rediyo, suka koma sauraron na maƙwabta. Damina ta yi ƙarfi, tsawa ta faɗa wa taransifomar unguwarmu, muka yi wata biyu ba wuta. Na koma gasa ƙarfen dalma a gawayi kamar ɗan koyo. Ranar da wutar ta dawo kuwa, da fushinta ta dawo. Ƙwan fitila ya yi haske irin wanda ban taɓa gani ba, ya fashe. Injina biyu suna jone, don na bar su a kunne ina jiran albishir. Ɗaya ya yi hayaƙi fari, ɗaya baƙi. Akwatin wutar ɗaya na iya gyarawa, wannan aikina ne. Amma babban faifan da ke cikinsa, inda dara take da uwarta, ya tafi ke nan. Sai da na je Jos na samo wani na hannu. Malama ta sake yin yamma huɗu tana mayar da baƙin allonta.

Ranar da za a mayar da dara na tara mutane. Na ce Akawu ya matso, Malama ta zauna. Na jawo lasifika tsakiyar shago na kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, don a ga yadda ake ajiya. Na zura hannu. Ledar ta manne a jikin ƙarfen, sai da na ɗan ja.

Malama ta ce, "Oga Sule. Wannan ƙarfe da ka cire su a jiki, mene ne shi?"

Na ce, "Maganaɗisun lasifika ne. Shi yake riƙe su kada su faɗi."

Ta karɓi na farko ta soka. Injin ya yi ƙurr, ƙurr, ya yi shiru. Na biyu haka. Na uku ma bai wahalar da kansa ba.

To, a yi mini adalci. Na san maganaɗisu yana cinye kaset, wane mai gyaran rediyo ne bai sani ba? Da kaset ne ko kusa ba zan kai shi ba. Amma wannan abu zagayayye ne a ciki, yana juyawa. Ni duk zamana da shi na ɗauka ɗan'uwan faifan garmaho ne, zane ne a jikinsa, ba abin da zai same shi sai rana ko ƙarce. Ba wanda ya gaya mini kaset ne aka fyaɗa aka yanka da'ira. Ban kuma tambaya ba, domin injiniya ba ya tambaya a gaban kwastoma.

Malama ta nemi ruwa, aka ba ta, ta sha rabi. Ta ce, "Shekara ɗaya da wata huɗu." Ta ɗauki jakarta ta fita. Akawu ya daɗe yana kallon lasifikar, sannan ya ce, "Injiniya, Oga Danladi ya yaye ka ne, ko gajiya ya yi?"

Duk duniya wuri ɗaya ya rage da uwar dara, kuma na gaya wa mai wurin kada ya sake taka mini shago. Kwana biyu ina lissafin wata hanya, babu. Ranar kasuwar Zonkwa na sa babbar riga, na sayi goro, na ɗaure zakara, na shiga bas. Haka ake zuwa wurin mai sana'a in ana neman abin da ya sani, kuma na shirya ya juya mini baya, don da ni ne haka zan yi.

Na tarar da shi yana yanka hotuna. Ya ce, "A'a, Baba Injiniya! Ka ɓata hanya ne? Nan Zonkwa ne fa, wurin masu kwafi."

Na ce na sani. Na ajiye zakara na faɗi abin da ya faru, ban rage ba, har maganaɗisun. Ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo ya ce, "Ka zo da faifai?"

Na ce, "Shi ke nan? Ba sharaɗi?"

Ya ce, "Sharaɗin yana saman uwan, Baba. Kai ne ka sa aka karanta mana a gindin mangwaro." Ya soka faifan, ya dubi zakaran. "Lasisin bai ce a kawo kaza ba. Amma na duba, bai hana ba."

Kafin in tafi ya gaya mini ba yadda aka ba shi take ba. Wani malamin firamare a Fadan Kaje da ya ɗan iya abin ya taɓa ta, wani kuma ya kai ta Madakiya. Aikin Malama na wata huɗun ƙarshe ba ya ciki, wannan ya tafi har abada, kuma ni na kashe shi. Amma dara ta dawo Kafanchan a aljihun rigata.

Ku masu gardama a bencina, ga abin da zan ce muku, kuma ba fatawa ba ce. Ban ce kowa ya buɗe nasa ba. Wanda ya ƙera abu daga farko har ƙarshe da guminsa, shi ya san cikin gidansa. Amma in kan na wani ka ɗora, ka karanta abin da ya rubuta a sama kafin ka fara jin kai ne mai gida. In kuma ka ƙudura sai ka ɓoye, to aƙalla ka san da me aka yi abin da kake ɓoyewa.

Da muka kunna darar da na kawo daga Zonkwa, sai ga sabuwar fitina. Mutanen can sun sa injin yana rubuta magana da yaren Bajju duk lokacin da ya ci, wannan bai dame ni ba tun da ba na ji. Amma sun sauya doka. A wurinsu in abokin wasanka ya jera uku, kana iya cire ɗa daga cikin jerin. A gindin mangwaronmu ba a taɓa jeri. Akawu ya yi wasa ɗaya ya miƙe ya ce, "Wannan ba dara ba ce, fashi ne." Dattawa suka koma gurabensu na ƙasa.

Na je har makaranta na sami Malama tana makin jarrabawa. Na roƙe ta ta mayar mana da dokarmu. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Uwan yana hannunka, Oga Sule. Ba kai ne mai ajiya ba? Lasisi ya ba ka dama. Ka gyara."

Na ce aji huɗu na tsaya. Ta ce wannan ba Turanci ba ne, wayarin ne da aka rubuta da haruffa: in kaza ya faru, wuta ta bi nan, in bai faru ba ta bi can. Ta yagi takarda ta rubuta mini sunan wurin da dokar take da yadda ake haifar sabon wasa daga uwa, ta ci gaba da makinta.

Mako uku na yi. Ina da shekara arba'in da shida, tabarau a hanci, yatsa ɗaya. Sau biyu na lalata ta gaba ɗaya na sake ɗaukowa daga faifai, wanda yanzu a cikin gwangwanin madara yake zama, can nesa da duk abin da yake magana. A ƙarshe na sa injin yana tambaya kafin a fara: Kafanchan ko Zonkwa? A saman uwar akwai jerin waɗanda suka taɓa ta, mutumin ƙasar sanyi, Malama, malamin Fadan Kaje. Na rubuta Sule Mai Rediyo a ƙasa. Akawu ya dawo ya zaɓi Kafanchan, ya cinye injin sau biyar a zama ɗaya. Ya ce tun da aka ƙera wasan nan bai taɓa yin daidai ba sai yanzu, ya kira ni Injiniya da muryar da ba ta da dariya a ciki. Na kwafa a faifai na ba direban bas ya kai wa Ayuba, ba tare da kowa ya karanta mini takarda ba.

Bayan mako biyu direban ya dawo mini da faifan da 'yar wasiƙa. Ayuba ya rubuta: "Baba, mun gode da aiki. Amma in an zaɓi Kafanchan, injin yana jera uku sai ya cire ɗan kansa. Malam na Fadan Kaje ya gyara. Ga shi."

Na sa gyararriyar ban gaya wa kowa ba. Washegari Akawu ya zo da hantsi, ya zaɓi Kafanchan, injin ya cinye shi sau uku a jere. Ya leƙa allon, ya leƙa ni, ya ce, "Injiniya, mutanen Zonkwa sun sake taɓa abin nan ko?"

Na ce sun taɓa.

Ya ce, "Na sani. Ba su taɓa sa hannu a abu ya yi kyau ba."